Kafaɗa ce ko Haɓa

A Sabon Gari nake sayar da ƙanƙara,
bazara na cinye ribata tun kafin azahar.
Barau ya shigo rumfa da wayarsa mai tsagaggiyar fuska,
ya ce ɗan yayarsa da ke karatu a ƙasar sanyi
ya turo wani abu, mu zo mu sha kallo.

Fili ne fari fat, ƙanƙara zalla,
wadda da tawa ce
da tuni na ɗora bene a Gyallesu.
Ƙarti da hular kwano, wuƙa a tafin takalmi,
suna korar wani baƙin abu kamar ƙuli-ƙuli
da sanduna masu lanƙwasasshen baki.
Sai mai jar riga ya taho
kamar tirelar da birki ya ƙwace mata a Kwangila,
ya haɗa mai farar riga da katangar gilashi.
Mai fari ya zube.
Sandarsa ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

"Wannan halas ne," in ji Barau,
wanda ya yi shekara tara yana tsaron baya, lamba biyar.
"Kafaɗa ce a ƙirji. Ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba,
gwiwar hannunsa na manne da haƙarƙari.
Wanda ya riƙe ƙwallo ya sunkuyar da kai
shi ya kira wa kansa ruwa.
Namiji ba ya shiga fili da ido a ƙasa."

Ishaku na kan benci yana shan zoɓo,
ya taso daga aikin dare a asibitin Shika,
barci bai gama sakinsa ba.
Ya ce, "Mayar baya. A hankali. Tsaya nan.
Dubi haɓar. Ita kafaɗar ta fara gaisarwa.
Kuma rabin bayansa ya juya, me zai gani?
Ni nake juya irinsu a gado,
'yan acaɓa, birkiloli da suka faɗo daga bene.
Ƙwaƙwalwa koko ce a cikin ƙwarya, Barau.
Hula tana tsare ƙwarya,
ba ta hana koko girgiza."

"To a hana karo gaba ɗaya, su yi gaɗa!"

"Ban ce a hana ba.
Akwai karon da ke raba mutum da ƙwallo,
akwai wanda ke raba shi da sunan 'ya'yansa."

Sau bakwai muka mayar.
A na uku na rantse ƙirji ne,
a na biyar na ga haɓa ƙiri-ƙiri.
Tsagin gilashin wayar ya ratsa daidai wurin,
tsakanin kafaɗa da wuya,
kamar da gangan.
Wani yaro ya zo sayen ta ɗari biyu,
ya tsaya har kuɗin ya jiƙe a hannunsa.

Barau ya ɗaga murya: "Ai alƙali bai busa ba!
Doka ta wanke ni."
Ya yi shiru.
"Ta wanke shi, nake nufi."

Ishaku bai san da Ilu ba. Ni na sani.
Ina bakin layi ranar, a filin Tudun Wada,
na ji ƙarar kamar an karya rake.
Ranar ma alƙali bai busa ba.
Ilu yana gyaran takalma yanzu a bakin tasha,
ƙafar hagu a miƙe, ba ta lanƙwasuwa,
kuma Barau ya fi shekara ashirin
yana zagayawa ta bayan kasuwa.

Hoton ya ƙare inda yake ƙarewa kullum:
mai fari a kwance, mutane biyu sun durƙusa.
Ba a nuna mana ko ya tashi ba.
Barau ya ce zai tambayi ɗan yayarsa,
sai cajin wayar ya mutu.

Ruwa na ɗiga daga buhuna yana bin kwata.
Barau ya ɓallo ɗan guntu bai tambayi kuɗinsa ba,
ya ɗora a kafaɗarsa ta dama
ya riƙe
har ya narke.