Shida, In Ji Takarda

Jami'ar ta zo da igiyar awo a jaka,
ta durƙusa a falona na Gangare,
ta auna daga taga zuwa ƙofa,
ta leƙa makewayi, ta ɗaga murfin randa.
"Uwani, rijiyar nan a sa mata kwado."
Na ce to. Wannan kam gaskiya ce.

"Na'urar kashe gobara fa?"
Na nuna bokitin yashi.
Ba ta yi dariya ba.

Sai ta ƙirga kawuna a kan tabarma,
leɓenta na motsi kamar mai lazimi.
Tara.
"Ke kaɗai, a ɗakin nan, shida.
In dai kina son lasisi."

Bironta bai san Sagir ba ya barci
sai an murza masa kunne,
bai san uwar Nanret tun asuba tana Farin Gada,
sanyin Jos na cizon yatsunta kan kwandon tumatir.

Amma ni na san ranar da Dung ya shaƙe da gyaɗa,
ɗaya a bayana, ɗaya na rarrafe wajen murhu,
hannuwa kuwa biyu Allah Ya ba ni.
Ban gaya mata wannan ba.

Dare ya raba, takarda na kan cinyata,
kofunan kunu tara a kife kan faranti.
Na ware uku, na mayar.
Na ware wasu ukun.
Ko in ɗauko Ladidi ta taya ni?
Albashinta daga wane aljihu?

Ƙarfe bakwai za a fara sallama.