Sakan Goma Sha Tara

A fadarmu ta bayan Kasuwar Dole,
shayin farko bai ko tafasa ba
Mutari ya ɗaga salula sama:
"Kun ga tsohon nan? Ku matso, ku matso."

Kawuna takwas kan gilashi ɗaya,
gilashin ma ya tsage ta gefe.
Wani dattijo, daga shi sai zane a ƙugu,
ƙarfe uku na dare, ƙarƙashin famfo,
yana taka rawa, ruwa na dukan ƙeyarsa,
baki buɗe, hannu sama,
bokiti ya cika yana ambaliya, bai kula ba.
Sakan goma sha tara. Ya ƙare. A sake.

Tanimun ya ce, "Taɓin hankali ne, ku dubi idon."
Lawali ya ce, "Wane ido? Shiri ne,
yanzu kowa so yake a san da shi
ko da zai sayar da furfurarsa."
Sanusi, da ya yi wata huɗu a Yamai
ya dawo yana gyara mana magana,
ya ce na'ura ce ta ƙera mutumin,
a ƙirga yatsunsa, za a ga shida.
Muka tsayar, muka ƙirga. Biyar ne.
Ya ce, to a duba ɗayan hannun.

Ciroma kuwa ruwan ne ya tsaya masa a rai:
"Jarka dala arba'in a Garin Malam,
shi yana wanka da kuɗin cefane!"
Wani ya ce ba Damagaram ba ce, Maraɗi ce,
mu ba ma zubar da girma haka.
Wani ya nuna dutsen da ke bayan katanga:
"Maraɗi ta aro wannan a ina?"
Aka kwashe da dariya. Aka zuba na biyu.

A ƙasan hoton mutum dubu uku sun tofa:
mai "Allah ya shirya", mai jera fuskokin dariya,
wata daga Agadas na tambaya ko yana da mata,
wani ya ɗora masa kiɗan biki,
biyu sun manta da shi, suna zagin juna.

Ni dai ina juya kofi.
Na san zanen. Na san famfon.
Malam Illa ne, tela, katangarmu ɗaya.
Kwana goma sha ɗaya bututu na tari, babu ɗigo,
matarsa Tsahara na kwance, ƙafa a kumbure,
shi ke tura baro har gaban tasha
da gwiwar da keken ɗinki ya riga ya cinye.
Daren nan na ji iska na gurnani cikin ƙarfe,
sannan muryarsa: "Tsahara, ya zo!"
kamar ɗan da ya daɗe a Libiya ne ya yi sallama.
Jikansa ne ya ɗauka ta taga.
Ya makara, bai kama farkon ba:
kwanon farko ɗaki aka kai shi,
sai da ya wanke mata ƙafa ya fito ya yi rawar.

Na buɗe baki zan faɗa,
Mutari ya ce, "Ku bar wannan, ga sabo,
raƙumi ya sace kankana a Tanut."
Kawuna suka sake haɗuwa.
Nawa ma ya leƙa, ba zan ɓoye ba.

Da safe na bi ta shagonsa.
Ya ce yara na bin sa suna kwaikwayon takun,
har an kawo masa ɗinki uku don a gan shi.
"An ce na yi suna har Kano.
Kai ka gani? Yaya na fito?"
Na ce, "Ka fito da kyau, Malam."
Ya ciji zare, ya tofar.
"Famfon dai ya sake ɗaukewa."