Kwana Tara Ba Burodi

Ran Litinin na buɗe kabad ɗin kicin,
na fito da su ɗaya-ɗaya kamar mai sallamar baƙi:
shinkafa, taliya, farin wake kilo biyu,
sukarin da ya dunƙule a gwangwani,
da cukun Azeitão da nake ɓoye wa kaina.
Na loda a kwali, na hau hawa na uku
wurin Ermelinda mai 'ya'ya huɗu.
Ta dubi kwali, ta dube ni.
"Leopoldo, ƙaura za ka yi ko mutuwa?"

Na ce cimar mutanen kogo zan koma:
abin da ake farautowa, a kamo, a tsinko, a tono.
Ba hatsi, ba madara, ba wake,
ba abin da inji ya taɓa.
Ta ce, "Su mutanen kogon, nawa suka kai shekarunka?"
Na sauko ba amsa.

Ita ba ta jin abin da gwiwata ke faɗa
a matakalar jirgin ruwan Tróia,
inda na shekara ashirin da biyu ina yagar tikiti.
Ba ta ga takardar asibiti ba,
da lambobi biyu da likita ta zagaye da jan biro.

Girkin ba wuya.
Sardin huɗu daga kasuwar Setúbal, ido garau,
gishiri, wuta, lemon tsami.
Kabeji a man zaitun da tafarnuwa.
Da safe ƙwai biyu da tumatir.
In yunwa ta tare ni a tsakiyar kogi,
gyadar bishiya cikin tafin hannu.

Wuyar tana ƙarƙashin gadona.
Ƙarfe huɗu na dare Custódio ke hura tanderu,
ƙamshin ya san hanya, ba ya bin matakala,
ta tsagar daɓe yake shigowa,
ya zauna a kan ƙirjina kamar kyanwa.

Kwana na uku kaina ya sara.
Na daka wa wani fasinja tsawa a kan keke,
na bi shi har gaɓa ina ba shi haƙuri.
Kwana na biyar na yi miya ba dankali,
ta fito tsululu, ina hango gindin tukunya.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romonsa.
To ga ni a zamanin dutse, ga romon.
Washegari na jefa kabewa, ta narke, miya ta yi jiki,
na tsaya ni kaɗai ina wa tukunya murmushi.

Abin da ya kusa kayar da ni ba yunwa ba ce.
Mahaifiyata ba ta taɓa ɗora sardin a faranti ba,
a kan yankan burodi take ɗorawa,
burodin ya shanye man, a ci shi daga ƙarshe.
Daren bakwai na gama kifi,
hannuna ya tafi hagu shi kaɗai yana lalube.
Tebur ya samu.
Na daɗe ina kallon man nan a faranti,
sannan na sa yatsa.

Yau kwana tara.
Custódio ya tare ni a ƙofa, gari har gira:
"Laifin me na yi maka?"
Ya nuna min takarda a gefen kanta,
curi biyu a naɗe, kamar kullum tun muna da gashi.
Sabo turken wawa, amma wawan ba ni kaɗai ba ne.
Na biya. Na hau da su, da ɗuminsu a hammata,
na miƙa wa autan Ermelinda.

Gwiwa dai ba ta ce komai ba tukuna.
Bel ya matsa rami ɗaya.
Kabewa rabi ta rage,
gobe Laraba sai na sammaka kasuwa.