Ruwa Biyu

Ranar Talata Lantana ta iso da shi
a bayan a-kori-kura, daga wajen Shika:
rago fari fat, dogo kamar maraƙi,
kunnuwa sun zubo, hanci ya lanƙwashe.
Ta ce, "Baba, balami ne."
Na ce, "Na gani. Wa zai ci da shi?"

Shekara talatin ina kiwo a Dakace.
'Yankasa na sani, su ma sun san ni,
gajeru, masu baƙi a gefen ido,
su tsinci abin da suka samu a bakin Galma
su dawo turke ba tari ba majina.
Amma in na ja su gaban Barau mahauci
sai ya danna gadon baya da yatsa biyu,
ya laluba cinya, ya taɓe baki,
"Malam Jatau, ƙashi ka kawo ko fata?"
Maganar ta fi wuƙarsa kaifi.

Lantana na da littafi mai layi-layi.
Ta maƙala wa tumakina lamba a kunne,
ta kulle tsohon ragona a ɗakin harawa.
Kwana uku yana dukan ƙyaure da ƙaho.
Ni ma ban runtsa ba.

Wata biyar cif, cikin dare,
Kwalli ta kwanta ta kasa tashi.
Ɗan ya ɗauko kan ubansa,
ƙofar kuwa ta uwarsa ce.
Na ce, "Kin gani? Karatunku zai kashe min ita."
Ba ta tanka ba. Ta riƙe tocila da haƙori,
ta wanke hannu har gwiwa,
ni na tallafi wuya ina kiran sunan Allah.
Sai da ladan ya yi gyaran murya
ya faɗo, jiƙe sharkaf,
kunne na baƙo, idon na gida.

Damina ta sauka, ta yi nata alƙalanci.
Balamin da ya saba da yashi
laka ta shiga masa kofato,
ya koma kiwo a durƙushe, kamar mai neman gafara.
Ɗansa kuwa ko a jikinsa,
yana tsallake kwata, yana ture sa'anninsa a kan dusa.

Duk Juma'a a sa shi a buhu,
a rataya a sikeli a reshen mangwaro,
yana harbin iska, ita tana rubutu.
Ni ban iya karanta allura ba,
amma kafaɗata ta san nauyi.

Wata bakwai na kai shi kasuwa.
Barau ya danna baya, yatsa ya nutse.
Ya sake dannawa.
Ya zaga ta awaza, ya ɗaga wutsiya,
ya tambaye ni lafiyar iyali,
abin da bai taɓa yi ba.

Da daddare ta buɗe littafin
tana lissafin wa za a haɗa da wa baɗi.
Na ce, "Rubuta. Tumaki uku ki bar wa tsohon.
Naman na baƙo ne, ban musa ba,
amma ƙafar da ta ɗauke shi cikin laka
a gidan nan aka haife ta."

Ta dube ni, ta ciji bakin biro.
Ta ce, "Huɗu."