Makullan da Ba Su da Ƙofa

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci,
wasu su yi gida, wasu su yi gindin dara,
ni sai 'Yar Kutungu, rumfar Barmo mai gwangwan,
in tsuguna gaban wani tsohon kwanon sha
ina tonon makullai kamar kaza a masussuka.
Uku naira ɗari. In ya tashi da fara'a, huɗu.
"Malam Sha'aibu, wai ƙofar wa za ka buɗe?"
In ce, ta wanda ba a haifa ba tukuna.

Ɗari biyu da sha bakwai gare ni yanzu,
na zarge su a igiyar guga bayan ƙyaure.
Lantana ta ce in iska ta kaɗa su da dare
sai ka rantse maƙeri muka ba haya.

Kowanne da labarin da na rataya masa.
Wannan mai tsatsa na adakar wata ungozoma ne
da take ajiye tsumma ɗaya kan kowane cibi da ta yanke.
Wancan guntun, na shagon wani tela a Rafin Daɗi
da ya ɗinka wa kansa likkafani, ya yi masa kaɗan.
Duk na fara su. Farawa ba ta taɓa yi min wuya ba.

Mai jan zaren nan kuwa na tankar Tanimu ne.

Kai, Tanimu.
Shekara bakwai ke nan da na tsayar da shi a hanyar Jibiya,
taya ta yi faci, magariba ta kawo jiki,
babi na tara, shafi na sittin da ɗaya,
wasiƙar ƙanensa a aljihu, bai ko buɗe ba.
Na ce masa bari in sha shayi in dawo.
Na sha shayin.
Na yi ritaya daga hukumar ruwa,
na aurar da biyu, na binne aminina,
haƙorin gaba ya yi sallama,
shi yana nan riƙe da jak, rana ta ƙi faɗuwa.

Gara kaɗai ta karanta ni da gaske.
Ta cinye babi na huɗu, ta bar na biyar.
Ban yi mata musu ba, na huɗun ya fi maiƙo.

Sai bana, jikata Ummulhairi ta zo hutu daga Daura.
Na aike ta neman tabarau, ta daɗe.
Da dare na buɗe littafin, ga jan biro ƙasan rubutuna:
wai wata tsohuwa ta ɓullo a kan keke,
ta ciro famfo, ta yi wa tankar iska,
ta karɓi goro ɗaya, ta wuce.

Na ce, ke, famfon keke ba ya ta da tayar tanka!
Ta ce, "To tsoho, kai da ka sani,
shekara bakwai me ka kai masa?"

Lantana ta yi dariya har ta zubar da koko.

Na kwance mai jan zaren na damƙa wa yarinyar,
na ce riƙe, amma wasiƙar tawa ce.
Yanzu ƙarfe ɗaya saura, an ɗauke wuta,
fitilar waya jingine da kwalbar man zafi.
Tanimu ya wuce shingen kwastan,
ya faka gefen mai shayi,
ya sa babban yatsa ƙarƙashin leɓen ambulan.

Yana kallona. Ni ma ban san abin da ke ciki ba.
Sai dai yau, ko an miƙo min kofin,
ba zan sha ba.