Ƙofar da ta koyi magana

Tankari ya dawo Tawa daga Sifen
ba mota, ba rediyo,
sai zanen gita a takardar siminti
da ƴar wuƙa, ƙotarta ta sha hannun wani tsoho
da ya share wa shago shekara shida.

Icen can ba ya fitowa a Adar.
Wurin ƴan gwanjo ya sami ƙofar kabad,
fara, tsufa ya gama shanye ruwanta.
Ya fere, ya fere,
har fitila ta ratsa ta jawur kamar kunnen jinjiri.
Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne,
wai sallama yake, ko akwai kowa ciki.

Haƙarƙari bakwai ya shimfiɗa mata kamar mafici.
Fatar sa ta kwana kan wuta ta zama ɗanko,
Hajo ta ce ya fita da warinsa waje.
Ƙashin raƙumi ya yi wa tsirkiya matashi.
Bai rufe cikin ba sai da ruwa ya sauka,
don rani a nan tsaga katako yake.

Arzika mai gurmi ya leƙo:
"Tsirkiya shida?
Ni da biyu na aurar da ƴaƴa huɗu."
Tankari bai tanka ba. Ya miƙa masa.

Arzika ya ja mai kaurin,
ya bar ta tana gurnani har ta mutu da kanta.
Ya daɗe shiru.
Sai ya ce, "Turo ƙofa,
kar a gan ni."