Gado Biyu a Recife

Ƙarfe biyu na dare, ruwa na dukan tagogi,
aka turo mini su a jere.

Edivaldo, mai sayar da ƙaguwa a gindin gada,
wuƙa na tsaye ƙarƙashin haƙarƙarinsa,
ƙotarta na rawa da kowane numfashi.
Nas Jurema ta kai hannu. Na ce bar ta,
ita ce marfin tulun.
Wuƙa takan nuna ƙofar da ta shiga,
ba ta faɗin ɗakin da ta kwana.

Cleonice kuwa daga babur ta faɗo.
Ko ɗigon jini babu. Takalminta take tambaya.
Ita na fi tsoro.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
na saifa fa, wa za a tambaya?
Jiki ya tsaya a jikin bango,
kayan ciki suka ci gaba da tafiya.
Gwanda ta fashe a cikin buhu,
buhun lafiya lau.

Awon jininta ya ce kalau. Ƙarya yake yi.
Firgici ne ya ɗaure jijiyoyinta tamau,
shi ke riƙe da rufin,
allurata kuma aikinta kwance ɗauri.
Sai da jini mai ɗumi ya fara sauka a hannunta
na ba ta barci,
rabin abin da zan ba mai lafiya.

Me kika ci? Wake da garin rogo, tun magariba.
Yana nan. Ciki ya ajiye aiki tun ƙarar karo,
waken na laɓe yana jiran hanyar huhu.
Jurema ta riƙe wuyan kamar mai ɗauke da ƙwai,
na zura bututu kafin ƙiftawar ido.

Shi kuma huhunsa ya huje.
In na hura masa iska, ƙirji zai kumbura ya danne zuciya.
Dakta Tenório ya fara buɗe wa iskar mafita.
Ban ɗaga jininsa sama ba,
wa ke ƙara wa famfo ƙarfi alhali tiyo a yage?

Bargo. Ƙarin bargo.
Jinin da ya ji sanyi ba ya daskarewa.

Da asuba Cleonice ta buɗe ido, babu saifa.
Edivaldo, na'ura ce ke numfashi dominsa har yanzu.
Kofina ya huce a kan taga.
A ledar kayanta na sami takalmin,
ƙafa ɗaya, na hagu.